Uwa na tsallake katanga, ɗa na jan ciki: yadda jijiyoyin ɗan mage ke haɗuwa

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A kan barewa maganar daidai take, don ɗanta a ranar da aka haife shi yake miƙewa. Haka ɗan akuya, haka ɗan maraƙi, kafin uwa ta gama lashe su sun fara kokawar tashi. Mage ce ba ta shiga wannan lissafi ba. Ita da ke bin kan katanga da dare kamar a kan titi, ta diro daga rufin ɗaki ba ka ji motsinta ba, sai ta haifi ɗan da ko rarrafen ma bai iya ba.

A hunturun da ya wuce magen gidanmu ta haihu a ɗakin ajiya, bayan buhunan masara, 'ya'ya huɗu. Kowannensu bai wuce nauyin ƙwan kaza biyu ba, wato wajen giram 100. Idanu a rufe ruf, kunnuwa a naɗe a manne da kai, cibiya na reto. In ɗaya ya ɓalle daga jikin uwar, sai ya kama tuƙa ƙasa da ƙafafun gaba kamar mai iyo, ciki na shafar buhu, kai na kaɗawa dama da hagu, yana ta zagaye wuri guda yana tsuwa. Ƙaramar 'yata ta tsuguna ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, ko gurgu ne?" Na ce a'a, ba a dai gama haɗa shi ba ne. Bayan mako bakwai wannan gurgun nata shi ne ya hau labule har ƙoli.

Dalilin bambancinsa da ɗan akuya a fili yake. Akuya abin farauta ce, ɗan da bai iya bin garke ba na kura ne, shi ya sa take riƙe cikinta wata biyar ta haifo shi kusan a kammale. Mage kuwa ita ce mafarauciyar, kuma tana da inda za ta ɓoye nata. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kawai, sauran aikin a waje ake ƙarasa shi.

Abin da ɗan mage ke zuwa da shi duniya kaɗan ne, amma shi ne daidai abin da zai raya shi. Yana jin taɓi, musamman a fuska. Yana jin ƙanshi, yana gane ɗumi. In ka kwantar da shi rigingine zai yi ta mutsu-mutsu har ya kife a kan cikinsa, alamar cewa ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne ya fara aiki tun kafin kunnen ya fara jin sauti. In ka dunƙule hannu mai ɗumi ka kai wa hancinsa, zai cusa kai yana turawa, neman nono yake. Cikin kwanakin farko kowane ɗa kan zaɓi nonon da ya fi so, ya riƙa gane shi da ƙanshi, ya kuma yi faɗa a kansa. In uwa ta kama shi ta fatar ƙeya, sai ya yi laƙwas, ya naɗe ƙafafu da wutsiya, ya yi shiru, har ta kai shi inda za ta. Yawancin waɗannan ba tunani ba ne. Lakar gadon baya da gindin ƙwaƙwalwa ne ke gudanar da su kai tsaye, kamar yadda hannunka ke janyewa daga garwashi kafin ka san ka taɓa.

Akwai abu biyu da jijiyoyinsa ba su iya ba tukuna, kuma suna cikin abubuwan da ke kashe waɗanda uwa ta mutu ta bari. Na farko riƙe ɗumin jiki. A kwanakin farko ko makyarkyata bai iya yi ba, sai wajen mako uku zuwa huɗu yake fara riƙe zafin jikinsa da kansa. Shi ya sa suke cunkushewa wuri guda kamar an tara tsumma. Ɗan da ya yi sanyi ba ya iya tsotso, abin da aka ɗura masa ma ba ya narkewa, saboda haka a fara ɗumama shi kafin a ba shi komai. Na biyu fitsari da kashi. Sai uwa ta lashe masa ƙasan wutsiya sannan suke fita, har zuwa wajen mako uku. Mai renon maraya dole ya yi wannan aiki da auduga ko tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwan ɗumi, bayan kowane shan madara. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ga ciki ya kumbura su ce madarar ce ba ta karɓe shi ba.

To me ke faruwa a ciki da yake mayar da mai jan ciki ya zama mai hawan labule? Abu uku ne ke tafiya tare. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na miƙa rassa suna ƙulla hulɗa da juna, kuma a sashen gani wannan ƙulli kan yi ambaliya tsakanin mako na biyu da na biyar. Sannan ana sassabe: hanyar da ake bi tana ƙara faɗi, wadda ba a bi ciyawa ta cinye ta. Na uku shi ne suturta jijiyoyi. Jijiya kamar wayar wuta ce, kuma akwai wani kitse da ake kira mayalin da ke naɗe ta kamar robar da ke jikin waya. Jijiyar da ba ta da wannan sutura saƙo na tafiya a cikinta kamar mita ɗaya a daƙiƙa guda, manyan jijiyoyin da suka suturtu kuwa a jikin babbar mage suna haura mita 100 a daƙiƙa. Jinkirin da kake gani a motsin jariri, ka taɓa shi sai can ya amsa, wani ɓangarensa daga nan yake.

Wannan aiki daga kai yake farawa ya gangara wutsiya. Wuya ne ke fara ƙarfi, sai ƙafafun gaba, na baya su ne 'yan auta. A mako na biyu za ka ga ya tokare da gaba ya ɗaga ƙirji, baya kuwa na nan shimfiɗe. Wajen mako uku yake miƙewa a kan huɗu, ƙafafu a wawware, ciki na kusa da ƙasa, wutsiya a miƙe cak tana rawa, taku biyu ya faɗi. A mako na huɗu yana iya nisa da shimfiɗarsu, a na biyar ya fara ɗan gudu, a na shida zuwa bakwai ya iya duk salon tafiyar manya. Ko faratansa ma sai wajen mako uku zuwa huɗu yake iya mayar da su cikin dagi. Kafin nan a waje suke, su maƙale a buhu ya tsaya yana kuka.

Abin mamaki, tsarin taku ɗin kansa, wato wannan ƙafa ta ɗaga waccan ta sauka, ba a ƙwaƙwalwa yake zaune ba. A cikin laka yake. Wani masani ɗan Birtaniya, Thomas Graham Brown, ya nuna a 1911 cewa lakar mage, ko an raba ta da ƙwaƙwalwa, tana iya fitar da saƙon naɗe ƙafa da miƙe ta bi da bi. Ke nan injin yana nan tun da wuri. Abin da ɗan mage ke jira shi ne direba: hanyoyin da suka sauko daga ƙwaƙwalwa su ce tsaya, juya, ɗaga ƙafa ka tsallake wancan. Ko barcinsu ma aiki ne. Mafi yawan barcin jariran mage irin mai motsi ne, za ka ga dagi na zillo, leɓe na tsotson iska, gashin baki na rawa. Wasu kan tsorata su zaci farfaɗiya ce, alhali lafiya ce.

Sai maganar faɗuwa, wadda ta sa ake yi wa mage kallon mai asiri. A 1894 wani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ɗauki hotuna a jere na mage da aka saka daga sama ƙafafu na kallon rufi. Hotunan sun nuna ba ta dogara da komai ba wajen juyawa: takan lanƙwashe a tsakiya, ta naɗe ƙafafun gaba ta juya rabin gaba, sannan ta miƙe su ta naɗe na baya ta juyo da rabin baya. Ɗan mage ba ya zuwa da wannan. Yana fara bayyana ne a mako na uku zuwa huɗu, ya nuna sosai wajen mako shida zuwa bakwai. Uwa ba ta koya masa, kuma ba ya buƙatar ido: wani bincike da aka buga a 1984 ya nuna cewa 'ya'yan magen da ba su taɓa gani ba tun haihuwa su ma sun iya juyawa a iska a lokacin da saura suka iya. Ma'aunin cikin kunne ne ke gaya wa kai ina ne ƙasa, wuya da gadon baya su bi. A nan sai an ja wa yara kunne. Sun ji ana cewa mage ba ta faɗuwa da baya, sai su ɗauki ɗan mako biyu su gwada. Wannan kamar dutse yake faɗowa.

Har zuwa nan duk abin da na lissafa yana zuwa ne da kansa in lokacinsa ya yi, muddin akwai nono da ɗumi. Gani kuwa wani labari ne daban, kuma nan ne ɗan mage ya shiga tarihin likitanci.

Idanu kan buɗe tsakanin kwana 7 da 10, wani ya riga, wani ya kai mako biyu, kuma duk shuɗaye ne da farko kafin launin gaskiya ya fito. Kada a ɓanɓare su da hannu. In fatar idon ta kumbura tana fitar da mugunya, aikin likitan dabbobi ne. Buɗewar ido ba ita ce gani ba. Ruwan cikin idon bai gama washewa ba sai wajen mako biyar, kuma ƙwaƙwalwa ba ta san yadda za ta karanta abin da ido ke aiko mata ba. Sai ƙarshen mako na uku yake fara bin abu mai motsi da kallo.

David Hubel da Torsten Wiesel, a Jami'ar Harvard ta Amurka, su suka gano abin da ke faruwa a wannan tsakani. Daga 1963 suka riƙa rufe wa 'ya'yan mage ido ɗaya na wani lokaci, sannan su buɗe. Idon lafiyarsa lau, amma dabbar ba ta gani da shi, domin idon da aka bari a buɗe ya mamaye filin da ya kamata su raba a ƙwaƙwalwa. Da suka bi diddigi sai suka ga abin na da lokaci: yana farawa a mako na huɗu, ya yi ta raguwa har zuwa wajen wata uku. A mako na huɗu da na biyar, rufewar kwana uku ko huɗu kacal ta isa ta bar tabo. Babbar mage kuwa ko an rufe mata ido shekara guda, ana buɗewa gani take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to haka tun yana ɗanye yake karkacewa. Wannan aiki na cikin abin da ya ba su kyautar Nobel a 1981, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa likitocin ido ba sa son a jinkirta wa jaririn da aka haifa da yana a ido, ko yaro mai harara-garke, da sunan bari ya ƙara girma. A 1970 kuma Colin Blakemore da Grahame Cooper a Kambirij ta Ingila suka reni wasu a inda ba abin da suke gani sai zane-zane a tsaye, wasu kuma sai a kwance. Da suka fito, wanda ya saba da na tsaye in ka miƙa masa sanda a kwance ko kula ta ba ya yi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin Richard Held da Alan Hein na 1963. Sun reni 'ya'yan mage a duhu tare da uwayensu, sannan suka riƙa fito da su biyu-biyu, awa uku a rana, cikin wani zagayayyen ɗaki mai haske. An haɗa biyun da sanda mai juyawa a tsakiya, kamar lilon yara. Ɗaya na tafiya da ƙafarsa, ɗayan kuma yana zaune cikin kwando, duk inda na farko ya nufa sai sandar ta kwashi na kwandon ta yi da shi daidai haka. Abin da idanunsu ke gani iri ɗaya ne, tsawon lokaci ɗaya. Amma da aka gwada su, mai tafiya da ƙafarsa in aka kusanto da shi bakin tebur yakan miƙa dagi ya dafa, in abu ya nufo fuskarsa ya ƙifta, in ya ga wuri mai zurfi ya kauce. Ɗan kwando bai yi ko ɗaya ba. Ya ga duniya, amma bai taɓa haɗa abin da ya gani da abin da ƙafarsa ta yi ba. Da aka sake shi ya yi yawo da kansa cikin haske na kwana biyu, sai ya kamo ɗan'uwansa. Duk wanda ya shekara yana bin mota a kujerar fasinja, ranar da aka ba shi tuƙi ya kasa gane hanya, ya san wannan a jikinsa. Ba na jin daɗin karanta yadda aka yi wa waɗannan dabbobi. Amma tunda an riga an biya kuɗin, gara a yi amfani da darasin: ɗan magen da aka kulle a kwali mai duhu wai don kada ya ɓata, an hana shi abin da ƙwaƙwalwarsa ke gini da shi.

Akwai wani sashe a ƙeya, ƙaramar ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa auna motsi: nawa za a ɗaga ƙafa, ina za a tsayar da ita. A mage wannan sashe yana tsakiyar gini ne a ƙarshen ciki da makonnin farko bayan haihuwa, ƙwayoyinsa na ta ninkuwa. Akwai kuma wani bairos, wato ƙwayar cuta, na cutar fanlukofeniya, mai sa maguna amai da zawo, wanda ba abin da yake so kamar ƙwayoyi masu saurin ninkuwa. In ya kama uwa mai ciki ko jariri sabon haihuwa, sai ya cinye wa ɗan wannan sashe ya bar shi a tsumbure. Lawrence Kilham da George Margolis ne suka tabbatar da wannan alaƙa a shekarun 1960. Ba a gane komai a farko, don duk jarirai jan ciki suke. Sai lokacin tashi ya yi, 'yan'uwa su daidaita, shi kuwa ya ci gaba da tangaɗi. Yana ɗaga ƙafa fiye da kima kamar soja a fareti, yana tsayawa a wawware, in ya nufi kwano kai ya kama rawa, yana ƙara kusantar abincin rawar na ƙaruwa, in ya kwanta kuma ta tsaya cak.

Irin wannan ne ake cewa iska ta taɓa shi, a kai shi bola. Alhali abin ba ya ciwo, ba ya ƙaruwa, hankalinsa garau, kuma da yawa kan koyi dabarun zama da shi su yi tsawon rai in an ba su kwano mai faɗi da ba ya kifewa, aka kuma raba su da katanga da bakin rijiya. Rigakafin fanlukofeniya ana fara shi ne daga mako shida zuwa takwas, kuma uwa kafin ta ɗauki ciki ya kamata a yi mata, don nau'in allurar mai rayayyen bairos ita ma tana iya yi wa ɗan tayi wannan lahani. Wanda ya kamata a ruga da shi wurin likita shi ne wanda jiya yake tafiya lafiya yau ya fara layi, ko karkarwa, ko dalalar da miyau. Wannan ƙila yunwa ce ta zubar masa da sukari, ko sanyi, ko guba. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da ake fesawa a ɗaki jijiya suke kamawa, kuma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin yana kashe mage. Farasitamol ma haka, ko ɓarin ƙwaya.

Daga mako na huɗu wasa ke farawa, kuma shi ne makarantar. Kokawa da 'yan'uwa, kwanton ɓauna a bayan turmi, tsalle a karkace da gadon baya a gantsare. Wajen mako bakwai zuwa takwas hankali ke komawa kan abubuwa, murfin kwalba, igiyar takalmi, fara, don a lokacin ne ido da dagi suka gama fahimtar juna. Uwa ma na bin jadawalin. Tamu ta fara da kawo mataccen ɓera ta cinye a gabansu, daga baya ta kawo ta ajiye musu, sannan wata safiya ta shigo da ƙadangare mai rai ta saka a tsakar ɗaki, ta koma gefe ta zauna tana lasar dagi. Duk sanda ya kusa tsira sai ta sa hannu ta maido shi. A cikin kokawar nan ne kuma ɗa ke koyon iyakar cizo, don in ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi wasa ya tashi.

Sabo da mutane ma na da nasa lokaci, daga mako biyu zuwa bakwai. Wanda aka riƙa ɗauka a hankali a wannan tsakani, 'yan mintoci a rana, hannu daban-daban, shi ke zama magen gida. Wanda bai ga mutum ba sai bayan nan yakan zama mai gudun mutane, ko an yi shekara ana ba shi kifi. Shi ya sa da maƙwabta suka fara aiko yara tun 'ya'yan na mako huɗu, kowa na son a ba shi mai farin wuya, na ce su zo su yi wasa da su a nan, amma ba mai fita da ko ɗaya sai sun haura mako takwas, in so samu ne goma sha biyu. Wata maƙwabciya ta aiko cewa ai sun fara cin abinci, me kuma ake jira. Sun fara ci, gaskiya ne, amma a mako na takwas mai farin wuyan ya hau siririyar katangar bayan gida, ya kai tsakiya, ya rasa yadda zai juyo, ya tsaya yana kuka sai da aka sa tsani. Juyawa a kan siririn wuri na cikin abubuwan ƙarshe da ke zuwa, wajen mako goma zuwa sha ɗaya. Da lokacin ya yi na gan shi a kan katangar nan da hantsi, ya je ƙarshe, ya tattara ƙafafu huɗu wuri guda, ya juyo a kan tubali ɗaya, ya dawo yana bin wata tsattsewa da ido.